Maganar Benci da Ka Kai Zauren Alhaji

Zuwa ga Mamuda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan ƙasa ta yi maka sauƙi. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana da rai ma ba karantawa za ka yi ba, miƙo mini za ka yi ka ce idonka ya yi hazo, in karanta maka kana katse ni a kowane layi. To yau babu mai katse ni. Jiya aka yi sadakar arba'in ɗinka. Na je, na zauna a kan tabarma, na karɓi gaisuwa kamar ɗan gida, na dawo shago na kasa taka keken ɗinki. Shi ne na ɗauko littafin da nake rubuta awon riguna, na yago takardu daga bayansa.

Kafin in yi nisa bari in gaya maka dalili. Na san kai ne. Maganar da ta raba ni da ladanci, ta raba ni da ƙanina Sabo shekara bakwai, kai ka ɗauke ta daga kan bencin ƙofar shagona ka kai zauren Alhaji Tanimu. Ba Sabo ba ne. Kwana uku da binne ka na sani, kuma tun daga ranar abinci ma turawa kawai nake yi.

Amma ka san halina, ba na iya shiga magana ta ƙofar gaba. Bari in fara ba ka labarin gari, tunda kai ba ka iya kwana ba ka ji labari ba.

Hajara tana takaba, ta rame amma tana nan lafiya. Shagonka na tura wa mutane fina-finai a waya yana rufe, 'ya'yanka ba su yanke shawarar abin da za su yi da shi ba. Damina ta yi kyau, dam ya cika, ta wajen Roni gero ya yi kai masha Allah, sai dai kwanonsa a kasuwa bai san an yi damina ba. Sefa tana nan tana raina naira kamar yadda ka bar ta. Mutumin nan da ka rantse ba zai taɓa barin jam'iyyarsa ba, wanda ka ce ko gawarsa da tutarsu za a rufe, ya sauya sheƙa sati biyu bayan rasuwarka, hotunansa sun cika bangon tasha da sabuwar hula. Da na gani sai da na juya zan gaya maka. Wannan juyawar ita ta fi ba ni haushi, Mamuda, har yau jikina bai san abin da zuciyata ta sani ba.

Shekara talatin muna zama a kan bencin nan, daga sallame La'asar zuwa lokacin da zan tashi in yi alwalar kiran Magariba. Mutane suna mamakin abotarmu, ladan da mai gidan kallo. Ba su san ni nake lallaɓawa ta ƙofar baya da rana tsaka, in zauna a bayan labule ka sa mini kaset ba. Me ba mu faɗa a bencin nan ba? Mun naɗa gwamnoni mun sauke, mun buɗe boda mun rufe, mun gyara naira har ta taka sefa, alhali ko kujerar kansila ɗayanmu bai taɓa shafawa ba. Kai a wurinka duk ciwon ƙasar nan taki ne. Ka ce a ba manomi taki a kan lokaci, ko jaki aka ɗora a kan mulki za a zauna lafiya. Ni na ce wutar lantarki ce, don ni na san abin da gwiwa take ji in ta wuni tana taka keke. Duk shekara sai mun yi rigimar ganin wata. Ka ce in an gani a Nijar an gani, nan da can tafiyar babur ce, wata bai san boda ba. Na ce shugabanni ake bi. Sai mu yi kwana biyu muna hararar juna, kana azumi ina cin ƙosai a gabanka.

Fim kuwa ba a magana. Ka ce fina-finan Indiya sun lalace tun da aka fara sa musu Hausa a baki, da can da ba ma jin yaren mun fi ganewa. Na ce 'yan wasanmu na Hausa komai sun iya ban da mutuwa, mutum ya mutu ana ta kuka a kansa cikinsa yana sama yana ƙasa. Masu sakin hannu a salla da masu kama hannu duk mun taɓa su, mun taɓa limamai, mun taɓa masu wa'azin kasuwa, mun taɓa kanmu. Ba ilimi ba ne, mun sani. Iska muke sha da baki. Kuma kai ka kafa dokar, da bakinka, tun muna da baƙin gemu: maganar benci a benci take kwana. In wani ya zo ya zauna da mu, kai kake karanta masa ita kafin ɗuwawunsa ya ɗumama katako.

Allah ya ba ka baiwar kwaikwayon murya. Kana yin mai karanta labarai a rediyo, kana yin mai tallan maganin basir, kana yin ciyaman yana buɗe famfon da ba ruwa, in yi ta dariya har allura ta soke ni. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina ba: wanda yake kwaikwayon kowa a gabana, wa yake kwaikwayo a gaban kowa?

Ka tuna ranar, na san ka tuna. Sabo ya zo daga Babura ya kawo yadin Sallar yaransa in ɗinka. Mu uku ne a benci. Ka fito da waya ka ce ka samu wani sabon fim ɗin Indiya, mu leƙa. Muka haɗa kawuna. Labarin wani tsohon manomi ne da fari ya sa dole ya sayar da san nomansa. Ya kai shi kasuwa, ya karɓi kuɗi, ya juya zai tafi, san ya tsinke igiya ya biyo shi. Ni da aka haifa a ƙauye ta wajen Gwiwa, na ga ranar da babanmu ya sayar da nasa, sai hawaye. Na jawo ƙyallen shadda daga ƙarƙashin keke na share fuska. Na ce wallahi san nan ya fi huɗubar Juma'ar da ta wuce ratsa ni. Iyakar abin da na ce ke nan. Sabo ya ɗaure fuska ya ce Yaya ka yi istigfari. Kai kuwa ka yi dariya har wayar ta faɗi.

A lokacin Alhaji Tanimu ya gama faɗaɗa masallacin unguwarmu an fara Juma'a a ciki, shi ne shugaban kwamiti, ya kawo sabon liman, matashi mai karatu. Ba ni da komai da yaron, huɗubarsa ce take da tsawo, kuma ranar a kan rabon gado ya yi ta, kashi kaza cikin kaza, rabin sahu na gyangyaɗi. Kafin wata Juma'ar ta zagayo maganata ta gama gari, kuma ba a yadda ta fita ba. Cewa ake yi Ladan ya ce saniyar da Indiyawa suke bauta wa ta fi huɗubar liman. Ka ji yadda sa ya koma saniya, saniya ta koma gunki, ni kuma na koma abin da ba na son in rubuta.

Kwamiti ya kira ni. Suka tambaye ni ko na faɗa. A cikin masallaci nake, ba zan yi ƙarya ba, na ce na faɗi wani abu mai kama da haka, amma ba haka ba ne. Wa zai tsaya ya saurari bambancin? Suka ce in ɗan huta har ƙura ta lafa. Suka karɓi makullin ɗakin lasifika. Shekara goma sha tara ina kiran salla a wurin nan, tun yana ginin ƙasa ina hawa katanga in toshe kunne, ko sisi ba a biyana, ban kuma taɓa nema ba. Asubar farko da na ji wata murya ta fito daga lasifikar, ina tsaye da buta a tsakar gida, na rasa a wane gari nake. Wata guda in na wuce yara suna kukan sa a bayana. Har yau ana ce mini Ladan, amma akwai yadda wasu suke jan sunan da ni kaɗai nake ji.

Wurin wa na zo da wannan? Wurinka. Na zauna a benci na ce Mamuda wa ya yi mini haka? Ina iya ganin fuskarka yanzu. Ka girgiza kai, ka yi tsaki, ka ɗaga yatsu uku ka ce mu nawa ne ranar? Ka lanƙwashe ɗaya ka ce wannan kai ne. Ka lanƙwashe na biyu ka ce shekara nawa muna zaune, ka taɓa jin maganar benci a waje? Na ukun ka bar shi a tsaye. Ba ka kira suna ba, wannan na ba ka. Cewa kawai ka yi kai ba ka shiga tsakanin 'yan'uwa, amma in lura da wanda yake kama hannu a salla irin na sabon liman. Ka bar ni na faɗi sunan ƙanina da bakina, sannan ka ce a'a, a'a, Ladan, kada ka yi saurin zargi. Ka iya, Mamuda. Da fim ka shiga da ba a yi kamarka ba.

Washegari na hau mota zuwa Babura, ranar kasuwa. Na samu Sabo a rumfarsa ta hatsi, cikin abokan cinikinsa, har da baƙi daga Nijar. A gabansu na kira shi munafuki. Ya miƙe ya ce wallahi tallahi Yaya ba ni ba ne. Ka san abin da na ce masa? Na ce rantsuwar mai awon hatsi ba ta cika mudu. Na dire masa yadin yaransa a kan buhu, ban ɗinka ba, na juyo. Da na dawo na ba ka labari, ka ce na yi zafi da yawa, amma dai gara da na nuna masa.

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba, ban gaya wa kowa ba. Na ji daɗi da ya zama Sabo ne. Tun da ya fara zuwa karatu wurin malamansa yake gyara mini salla, yaron da na goya, na koya wa Fatiha. Yana yi cikin ladabi, ladabin ma haushi yake ba ni. Na daɗe ina neman dalili, kai kuma ka san haka, don a bencin nan na sha yi maka ƙorafinsa. Ka san inda bangon ya tsage. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, ban wanke kaina ba. Amma ni fushi ya rufe mini ido, kai idonka biyu.

Innarmu ce ta sha wahalar. Tana can ƙauye, ta tsufa, 'ya'yanta maza biyu ne kacal a duniya. Ta kira ni ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta yi kuka. Na ce Inna komai kika ce in yi zan yi, ban da wannan. Daga baya ta gaji ta raba mana ranaku kamar masu gaba da aka yi wa shari'a, ni in zo Juma'a, shi ya zo Lahadi. Duk zuwan da zan yi sai ta leƙa bayana kafin ta amsa sallamata, ko Allah ya sa mun haɗu a hanya. Shekara huɗu tana wannan leƙen. Ranar da ta rasu kai ka ɗauke ni a babur ɗinka zuwa ƙauye. Da aka tayar da sahun jana'iza, ni ina nan, Sabo yana can, kai ka shiga tsakaninmu ka tsaya, kafaɗarka ɗaya tana taɓa tawa ɗaya tana taɓa tasa. A hanyar dawowa na gode maka da ka raba ni da tsayawa kusa da shi. Na gode maka! Me ka ji a lokacin? Wannan tambayar ita ce take tashe ni.

Sai ciwonka ya zo. Wata biyu ina rufe shago da hantsi in zo in zauna a bakin katifarka in ba ka labarin gari. Ranar Talatar ƙarshe ka ce Hajara ta ba mu wuri. Ka kama hannuna, naka ya zama ƙashi, ka ce Isyaku. Ba ka ce Ladan ba, rabon da ka kira sunana na yanka har na manta. Ka ce ka yafe mini. Ni kuma bakina ya riga kunnena. Na ce ba ka yi mini komai ba, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Haka ake cewa. Haka na ji iyayenmu suna cewa, haka na faɗa wa marasa lafiya ba adadi, ko tunani ba a yi, kamar amsa sallama. Ka ce a'a, akwai wata magana. Na ce ko mece ce na yafe duniya da lahira, ka huta, kada ka wahalar da numfashinka. Ka buɗe baki, ka rufe. Na ga wani sauƙi ya sauko a fuskarka, na ce a raina Allah sarki, mutumin kirki zai cika da imani.

Yanzu in na tuna sai in rasa wanda zan fi jin haushi. Wani lokaci in ce ni na toshe maka baki, ka zo da gaskiya har bakin ƙofa na mayar da ita. Wani lokaci kuma in ce a'a. Kai Bahaushe ne ɗan Bahaushe, ka fi kowa sanin amsar da ake ba wanda yake kwance in ya nemi yafiya. Ka san ba a tambayarsa me ka yi. Ka san abin da zan ce tun kafin ka kama hannuna. Shekara bakwai kana da lafiya, kana da baki, kana zaune kamu ɗaya da ni kullum, ba ka nema ba sai ranar da ka tabbata ba zan tambaya ba. Ko numfashi uku gare ka, sun isa ka ce ba Sabo ba ne. Kalma huɗu ce.

Ni na yi maka wanka, kamar yadda ka bar wasiyya, ni da ƙaninka. Ni na ɗinka likkafaninka a keken nan. A maƙabarta da liman ya ce duk wanda mamaci ya yi wa wani abu ya dubi Allah ya yafe masa, muryata ta fi ta kowa tashi. Tsohuwar muryar ladan ce, har bayan katanga an ji.

Ranar sadakar uku Alhaji Tanimu ya zo gaisuwa. Ya tsufa shi ma, da sanda yake tafiya. Aka yi addu'a aka shafa, ya fara yabonka. Ya ce bai taɓa ganin mai ban dariya irinka ba, zaurensa ya yi maraici. Na san kana zuwa cin tuwo a zauren nan tun da gidan kallo ya mutu ya ba ka shago a gininsa, ban san da me kake biya ba. Sai ya dafa gwiwata ya ce Ladan, ka tuna lokacin da ya yi mana kai da san Indiya? Ya ce har hular wani ka ara ka yi ƙyallen share hawaye da ita, ka yi muryata sak, shi ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce bai so abin ya kai inda ya kai ba, amma akwai 'yan kwamiti biyu a zauren, magana kuwa zarar bunu ce. Ya ce abin da ya fi burge shi shi ne yadda na haƙura na ci gaba da zama da kai kamar ba a yi ba, ya ce wannan ita ce abota, yaran yanzu su zo su koya.

Ya ɗauka na sani. Na ɗaga kai na dubi mutanen da suke kan tabarma. Babu wanda ya yi mamaki. Wasu suka sunkuyar da kai, wani ya fara gyara hula. Ashe rabin unguwa sun sani, kowa yana ganin ba shi zai shiga tsakanin aminai ba. Na ce wa Alhaji ai ya wuce. Na ma yi murmushi. Na zauna har aka watse, don kada a ce aminin mamaci ya tashi ana tsakiyar gaisuwa.

Don dariya, Mamuda. Da kujerar Makka aka yi maka alkawari, ko fili, ko aiki wa ɗanka, da na ce talauci ne, ba ya barin mutum da mutuncinsa. Amma don tsofaffi biyar su yi dariya a kan kwanon tuwo? Kuma wannan ma zan iya haɗiyewa. Baki ya suɓuce wa kowa, ni ma nawa ne ya suɓuce tun farko. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne yatsan nan na uku.

Da kana nan da mun samu abin musu na sati guda: yafiyar da aka bayar ido rufe, ta ci ko ba ta ci ba? Na san abin da za ka ce, za ka ce kaya in an sayar an sayar. Ni kuma in ce cinikin da aka ɓoye aibi ba ciniki ba ne. Ban tambayi kowane malami ba. Ina tsoron a ce ta ci, ina tsoron a ce ba ta ci ba.

Sai da na yi sati uku kafin ƙafata ta yarda ta je Babura. Ran nan na rufe shago na hau mota. Na kusa wuce rumfarsa, don gemunsa ya yi fari fat, ni kuwa a raina yana nan yadda na bar shi. Da ya gan ni ya sauko daga kan buhu ya rusuna ya ce Yaya sannu da zuwa, ya hanya, kamar wanda ya rabu da ni makon jiya. Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Na ce masa na san komai. A wurin da na tsaya na zage shi, a nan na durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa, mutane suna kallo. Ya kama ni yana cewa subhanallahi Yaya tashi, na ƙi tashi sai da na gama faɗin abin da na zo faɗa.

Ya ja ni bayan rumfa ya ba ni ruwa. A nan na ji sauran aikinka. Ya ce sati ɗaya bayan zuwana ka same shi a rumfar nan, ka zauna a kan buhun wake ka yi kuka. Ka gaya masa kai ne. Ka roƙe shi ya rufa maka asiri zuwa bayan Babbar Salla kawai, ka ce in na ji yanzu da zafina zan je zauren Alhaji in yi tashin hankali, a kore ka daga shago, ga iyali. Ka ce da kanka za ka gaya mini. Ya yi maka alkawari. Ya ce duk shekara kana kiransa a waya ka yi masa barka da Salla, ka ce bana in Allah ya yarda. Salla bakwai, Mamuda. Har ranar jana'izar Inna ka ja shi gefe ka ce yau ba ranar tayar da magana ba ce.

Na ce Sabo, don me ba ka karya alkawarin ba? Ya ce Yaya, na rantse maka da Allah ba ka yarda ba, in na ce Mamuda ne wa za ka gaskata? Mu duka mun san amsar.

Bai yi mini irin karamcin da na yi maka ba. Ya zauna ya lissafa mini. Ya ce zagin kasuwa ya yi masa ciwo, amma ya wuce. Ya ce ranar ɗaurin auren babbar 'yarsa ya aiko mini da goro har gida, ya ajiye mini wurin waliyyi har liman ya gaji da jira, ƙarshe maƙwabci ne ya ba da ita kamar marainiya. Ya ce ƙaramin ɗansa sunana ya sa masa, yaron yana aji biyu bai taɓa ganin mai sunansa ba. Ya faɗa duka, murya ƙasa ƙasa, ni kuma na saurara har ƙarshe. Sannan ya ce nasa ya yafe. Ya ce amma akwai na Inna, wannan ba shi da ikon yafe shi, ba nasa ba ne. Ya ce daren da za ta cika shi yake wurinta, don Lahadi ce, kuma abin da take ta tambaya shi ne ko yayansa ya iso.

To ka ji inda muka tsaya. Nawa, na ladanci da kukan sa da dariyar zaure, na riga na furta a gaban jama'a, ba zan lashe ba. Ka tafi da shi. Ba da daɗin rai na bar maka ba, kada ka yi zaton haka, amma na bar maka. Ina yi maka addu'a bayan kowace salla, wani lokaci da haƙora a cije. Zan ci gaba da leƙa Hajara da yara, ba su san komai ba kuma ba za su ji daga bakina ba. Na Sabo tsakaninku ne, na tambaye shi ya ce yana dubawa. Na Inna kuwa, ni da kai duka muna ciki, kuma ni ba ni da hanyar zuwa wurinta.

Kai ne kake kusa da ita yanzu. Na san ba haka abin yake ba, na yi karatun da zan san matattu ba sa kai saƙo, amma yau ka bar ni da jahilcina. Tunda Allah ya yi ka gwanin kai magana, ga guda ɗaya ka kai. Ka nemi Inna, ka fara gaya mata abin da ka yi, da bakinka, tun daga benci har rumfar hatsi. In ka gama, ka ce mata Isyaku ya je Babura da ƙafarsa, ya durƙusa wa ƙaninsa a tsakiyar kasuwa, kuma Juma'a mai zuwa tare za su zo su share kabarinta.

Ka kai ta yadda na faɗa. Kada ka ƙara, kada ka rage, kada ka yi mata muryata.

Ka huta lafiya, Mamuda. Allah ya yi maka rahamar da ni ban kai ga iyawa ba.

Ni ne,
Isyaku tela, yayan Sabo.